Laimar ɗaki a damina: ta ina take shiga gidajen Kankiya da Kusada, kuma ta yaya ake fitar da ita?

Ma'aikacin da ke aiki a birnin Katsina alhali iyalinsa na Kankiya ya san wannan wari, ko da bai taɓa raɗa masa suna ba. Zai dawo gida ranar Juma'a da yamma cikin watan Agusta, ya buɗe turakarsa da ya kulle tun safiyar Litinin, sai wani wari mai nauyi irin na tsohon buhu ya tare shi a bakin ƙofa. Idan ya buɗe sif, farar shaddar da ya ɗinka da Sallah ta yi ɗigo-ɗigon baƙi a wuya da aljihu, takalmin fata ya yi furfura, takardun ɗaukar aiki da na ƙarin girma sun manne da juna, ƙarfen da ya riƙe su ya zubar musu da tsatsa. Ɗan kasuwar da ke da sito a Yashe ko Kafin Soli shi ma yana da nasa labarin: gishiri ya jiƙe a buhu, sukari ya dunƙule, ashana ta ƙi kamawa, kwalin sabulu na ƙasa ya lotse don kansa.

Babu wanda ya zuba ruwa a waɗannan ɗakuna, kuma sau da yawa rufin ma bai yi yoyo ba. Laima ce, wato ruwan da ke yawo a cikin iska ba a ganinsa, da wanda ke hawowa daga ƙasa ta cikin bango. Mutanen Legas da Fatakwal sun saba da ita shekara duka, sun gina gidajensu da saninta. Mu a tsakiyar Jihar Katsina baƙuwa ce ta wata huɗu, shi ya sa takan same mu ba shiri. Gidajenmu da ɗabi'unmu duka an tsara su ne don kare kai daga rana da ƙura da ɗari, kuma wasu daga cikin dabarun da ke ceton mu a bazara su ne ke buɗe wa laima ƙofa idan damina ta kankama.

Abin da ke faruwa a cikin iska

Iska biyu ke musayar ƙasar Hausa a kowace shekara. Daga kaka zuwa ƙarshen rani, busasshiyar iska ce ke kaɗowa daga arewa maso gabas, ta kan hamadar Sahara. Wajen watan Afrilu zuwa Mayu sai iskar da ta taso daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma ta turo ta baya, ta iso layin Kankiya, Kusada da Ingawa ɗauke da tururin ruwa. Takan iso makonni kafin ruwan farko ya sauka. Wannan ne dalilin da ya sa zafin ƙarshen bazara ya bambanta da na watan Maris. A Maris rana tana ƙuna, amma zufa na bushewa nan take. A ƙarshen Mayu mutum zai jiƙe sharkaf yana zaune a inuwa, domin iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin karɓar nasa. Bushewar zufa ce ke sanyaya jiki, idan ta ƙi bushewa sai zafin ya tsaya a fata.

Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa. A digiri 30 na ma'aunin Salshiyas, iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi tana iya riƙe kusan giram 30 na tururin ruwa. A digiri 20 kuwa ba ta wuce giram 17. Idan aka ce laima ta kai kashi 80 cikin 100, ana nufin iskar ta ɗauki kashi 80 na iyakar abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. Da tsakar ranar Fabrairu ko Maris a yankin Katsina adadin kan faɗo ƙasa da kashi 20, lokacin da leɓe ke tsagewa, littafi ke nannaɗewa. Da asubahin Agusta, cikin marka, yakan haura kashi 80. Gida ɗaya, bango ɗaya, kayan ɗaki ɗaya ne ke jure waɗannan iyakoki biyu cikin wata shida.

Daga wannan lissafin ake gane sauran. Idan iska mai laima ta taɓa abin da ya fi ta sanyi sosai, ba ta iya ci gaba da riƙe ruwanta, sai ta sauke shi. Shi ne gumin da ke fitowa a jikin kwalbar lemo mai sanyi, shi ne raɓar da ke kwana a kan ciyawa, shi ne kuma ɗigon da ke sauka daga cikin kwanon rufi da asuba har a zaci yoyo ne. Fumfuna kuwa, wadda Katsinawa ke ce wa hunhuna, ba ta ma jiran ɗigon ruwa. Muddin laimar da ke manne da jikin abu ta daɗe a sama da kashi 70 zuwa 80, kuma iska ba ta motsi a wurin, za ta tsiro a kan fata, auduga, takarda, katako da fenti. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a riƙe laimar cikin gida ƙasa da kashi 60. Gaskiyar magana, a Agustan Kankiya wannan adadi ya fi ƙarfin yawancin gidaje idan babu na'ura. Abin da ke hannun kowa shi ne hana laimar kwana a wuri ɗaya.

Dabarar bazara da ke juyewa cuta

A watan Afrilu uwargida takan yayyafa ruwa a tsakar gida da yamma, wasu su jiƙa labule ko zani su rataye a taga, masu hali su sayi fankar nan mai tankin ruwa da ake zuba wa ƙanƙara. Duka aiki ɗaya suke yi: ruwa na bushewa ya tafi da zafi. Da wannan hikimar ce randa ke sanyaya ruwa, da ita ce kuma marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, aikin da ya samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

Sharaɗin dabarar shi ne iska ta kasance busasshiya. Duk wanda ya lura zai ga ruwan randa ya fi sanyi a rani fiye da cikin marka. Idan laima ta yi yawa, fanka mai ruwa ba ta rage zafi sai kaɗan, amma tana ci gaba da fesa lita-lita na ruwa cikin ɗaki, ruwan da zai ƙare a katifa da labule da sif. Na sha shiga falo a watan Yuli na tarar da ita tana aiki, tagogi a rufe, masu gida suna mamakin abin da ya sa ɗakin ke wari. Daga ranar da iska ta juya, a zubar da ruwan tankin a bar ta ta yi aikin fanka kawai, sai bayan agazari a mayar mata da ruwanta.

Haka ƙananan tagogi da kulle ɗaki ruf. A hunturu suna tare ƙura, a bazara suna tare zafin rana. A damina suna mayar da ɗaki tamkar tukunyar da aka rufe da murfi.

A fara gano ƙofar da take shigowa

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a kira mai fenti kafin a san tushen matsalar. Ruwa ba ya tsami banza. Laimar ɗaki tana da hanya uku: ƙasa, rufi, da iskar ɗakin kanta, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Akwai gwaji mai sauƙi. A yanko farar leda kamar faɗin littafin rubutu, a manna ta a wurin da ke damshi, bango ne ko daɓe, a liƙe gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana biyu. Idan ruwa ya taru a ƙarƙashin ledar, daga cikin ginin yake fitowa. Idan a bayanta ya taru, ɓangaren da ke kallon ɗaki, to iskar ɗakin ce ke sauke shi. Shi ma tabon yana ba da labarin kansa. Wanda ya taso daga ƙasa yakan yi layi a kwance, ba kasafai yake wuce mita ɗaya ba, fenti na kumbura yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa na fitowa, wato gishirin ƙasa da ruwan ya ɗauko ya bari bayan ya bushe. Wanda ya sauko daga rufi yakan yi zane ruwan ƙasa-ƙasa a sili ko a saman bango, ya ƙaru bayan kowane ruwa. Na iska kuwa yana son lungu: bayan sif, ƙarƙashin gado, kusurwar da labule ya rufe.

Mu fara da ƙasa, don ita ce ta fi wuyar magani. Bulon siminti, musamman wanda aka yi wa rowar siminti aka cika yashi, yana zuƙar ruwa kamar lagwanin fitila. Don hana haka ne ake shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kan tushe kafin a ɗora bango da daɓe, matakin da magina ke kira DPC. Sai dai a wurare da yawa sunan kawai ya rage: za a ce gini ya kai DPC alhali babu abin da aka shimfiɗa. Tun ran gini tun ran zane. Kuɗin ledar bai kai na fentin da za a riƙa sakewa duk bayan shekara biyu ba, don haka wanda ke gini yanzu ya je ya gani da idonsa ranar da za a zuba kankare.

Wanda gidansa ya riga ya tashi, abin da ya fi amfani shi ne nisanta ruwa daga gindin bango. A nan ma lissafi na taimakawa. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100, kamar gida mai ɗaki uku da falo, idan aka yi ruwa mai milimita 30, abin da hadari ɗaya na Agusta ke iya saukewa cikin awa guda ko biyu, zai zubo da lita 3,000. Durom 15 ke nan, ko jarka 120 mai lita 25. Idan babu mazurari a bakin kwanon, duk wannan ruwan a gindin bango yake sauka. Yankinmu na samun kamar milimita 600 zuwa 800 a yawancin shekaru, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba, mai karatu sai ya ninka da kansa. Mazurari da bututun da zai kai ruwan cikin tanki ko kwata, daɓe mai gangare zagaye da gida wanda ke kore ruwa waje, da kwatar da ake yashewa kafin ruwan farko, waɗannan uku sun fi kowane irin fenti aiki. A kuma duba tsayin ƙasar waje. A tsofaffin unguwanni, cikon da ake yi wa lungu shekara da shekaru yakan sa titi ya fi daɓen ɗaki tudu, sai ɗaki ya koma rami.

Wata al'ada da ta yaɗu ita ce manna tayil a ƙasan bangon da ke ɓarewa. Yana ɓoye munin, amma ruwan na nan. Da yake an toshe masa hanyar bushewa, sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman tayil ɗin, ko ya fito ta ɗaya fuskar bangon, wato cikin ɗaki. Fentin mai ma haka yake yi. Bangon da ke shan ruwa yana buƙatar ya yi numfashi, farar ƙasa ko fentin ruwa sun fi dacewa da shi har a magance tushen.

Ginin ƙasa ba shi ne abokin gaba ba

A Rimaye, Mawashi, Kofa da cikin tsohon garin Kankiya da na Kusada har yanzu gidajen ƙasa suna da yawa, kuma akwai masu ɗaukar su a matsayin alamar rashi. Ta fuskar laimar iska dai sun fi bulo kirki. Yumɓu yana shan tururin ruwa idan ya yi yawa a ɗaki, ya sake shi idan iska ta bushe, ga kaurin bango da ke hana zafin rana ratsawa. Abin da ƙasa ba ta jurewa shi ne ruwa mai gudu ko mai kwanciya, a kanta ko a gindinta.

Maginan gargajiya sun san haka sarai. Sun yi wa soro gangare da indararo mai tsawo don ya jefa ruwa nesa da bango. Sun yi yaɓe da makuba, daga ɓawon ɗorawa. Manyan gidaje sun shafe rufi da laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Kuma kowace shekara kafin damina ana hawa a duba a toshe tsaga, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Wannan gyaran shekara-shekara ne ya ragu, aka maye gurbinsa da filastar siminti sau ɗaya a kan ƙasa. Siminti da ƙasa ba sa miƙewa ko tsukewa tare, don haka filastar kan tsage, ruwa ya shiga bayanta ya rasa mafita. Daga waje bango lafiya lau, daga ciki ya zama kunu. Idan aka ƙwanƙwasa filasta aka ji tana amo kamar ganga, ta rabu da bangon. Wannan ya wuce maganar wari da tabo. Gidajen ƙasa da ke ruftawa a kan iyalai cikin marka yawanci daren ruwa mai tsawo ne ke ƙarasa su, bayan gindi ko azara sun daɗe suna shan ruwa. Bangon da ƙasansa ya yi taushi, ko azarar da ta fara lanƙwasa, ba a kwana a ƙarƙashinsu ana jiran kaka.

Ruwan da muke ƙarawa da hannunmu

Ko ginin ya cika sharaɗi, rayuwar gida kanta tana samar da ruwa. Mutane shida da suka kwana a ɗaki ɗaya za su fitar da fiye da lita guda ta numfashi da zufa kafin gari ya waye. Gas ɗin girki ma na haifar da ruwa idan ya ƙone: kowane kilo ɗaya yana barin kusan lita ɗaya da rabi na tururi, ban da wanda ke tashi daga tukunya. Litar kananzir tana barin kusan lita guda. Da can a tsakar gida ko a madafar da ke waje ake girki, iska ta kwashe komai. Sabon gini ya shigo da kicin da banɗaki cikin gida, sau da yawa da taga ƙarama kamar ta kurkuku. A rufe tukunya, a buɗe tagar kicin, a ja ƙofar da ke tsakaninsa da falo. Bayan wanka a share ruwan daɓe zuwa magudana, a bar tagar banɗaki a buɗe, ƙofarsa ta cikin ɗaki a rufe.

Sai shanya. Bambancin nauyin jiƙaƙƙen wanki da busasshe duk ruwa ne, kuma idan a ɗaki aka shanya, a ɗakin ya tsaya. A ranakun marka da babu yadda za a yi, baranda ko rumfa ko zaure sun fi ɗakin kwana.

Kayan ɗaki kuma suna buƙatar tazara. Sif da gado su bar kamar faɗin tafin hannu tsakaninsu da bango, musamman bangon da ruwan sama ke duka, wanda a yankinmu galibi na gabas ne tunda daga can hadari ke tasowa. Katifar da ke ƙasa a jingine ta da rana. Ledar tsakar ɗaki da kafet su ne manyan maɓoyar laima. Duk wanda ya taɓa ɗaga leda a watan Satumba ya san baƙin da ke ƙarƙashinta. Inda daɓe ke damshi, gara a naɗe kafet a ajiye har kaka, tabarma ta wadatar. Kada a mayar da rigar da aka yi zufa a cikinta cikin sif, kuma kada a cusa kaya har iska ta rasa hanya. Takardun gida, na makaranta da na aiki a shanya su a inuwa ranar da aka samu rana, sannan a sa su cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsakuwa fari da ake samu a kwalin takalmi ko na waya, a ɗora a sama.

Game da kwanon gawayi ko na gishiri da ake cewa a ajiye a kusurwa, a faɗi gaskiya. Ɗaki mai mita 4 a tsawo, 4 a faɗi, 3 a tsayi, idan zafi na digiri 30 laima na kashi 80, iskarsa na ɗauke da fiye da lita ɗaya ta ruwa, kuma sabuwa na shigowa a kowace awa. Kwanon gawayi ba zai iya da wannan ba. Yana rage wari a cikin akwati ko kabad da ke rufe, iyakarsa ke nan. Turaren wuta ma wari yake dannewa, fumfunar tana nan tana cin kaya.

Taga, fanka da na'ura

Lokacin buɗe taga yana da muhimmanci. Laimar waje ta fi yawa da asuba da kuma bayan an ɗauke ruwa, ta fi ƙaranci daga hantsi zuwa la'asar idan rana ta fito. Wannan ne lokacin da ya kamata a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, a ɗage labule, a buɗe ƙofofin sif, a bar iska ta ratsa. Abin takaici shi ne daidai lokacin ne ma'aikaci ke ofis, ɗan kasuwa ke shago, ɗaki na kulle. Mai ɗakin da ke tafiya kwanaki ya bar makulli a gida a riƙa buɗewa, ko ya sa a yi masa ƙananan ƙofofin iska masu raga a saman bango, waɗanda ba sa buƙatar kowa.

Fanka ba ta cire ko ɗigo ɗaya daga iska. Amfaninta shi ne motsa ta, zufa ta bushe, lungu ya daina riƙe damshi, kuma fankar sola ko mai caji ta isa wannan aikin. Na'urar sanyaya ɗaki ce ke cire ruwa da gaske, shaida ita ce bututun da ke ɗiga a bayan gida. Asalin ƙirƙirar ta ma don laima ne: a 1902 injiniya Willis Carrier ya tsara ta ga wata maɗaba'a a Brooklyn ta birnin New York, inda damshi ke sa takarda ta kumbura launuka su ƙi daidaita. Yawancin na zamani suna da maɓalli mai hoton ɗigon ruwa, wanda ke mayar da hankali ga busar da iska, kuma ya fi dacewa da daren Agusta da zafi bai tsananta ba. A guji sayen wadda ta fi ƙarfin ɗaki, domin takan sanyaya da sauri ta tsaya kafin ta zuƙe ruwan, a ƙare da ɗaki mai sanyi da danƙo. A tabbata kuma bututunta ba a gindin bango yake zuba ba. Akwai na'urar da aikinta busar da iska kaɗai, amma tana ɗan ƙara zafi, tana son wuta tsayayya da ɗaki a rufe. Ta fi dacewa da shagon magani, na kayan lantarki ko ɗakin ajiye fayil fiye da ɗakin kwana. Ƙaramin ma'aunin laima mai batir, wanda bai fi agogon tebur girma ba, zai nuna wa mutum ko kuɗin da ya kashe ya yi aiki.

Inda abin ya fi haɗari: sito

Asarar shadda da sauƙi. Ɗan kasuwar da ya sayi masara, gyaɗa ko dawa da kaka ya ajiye yana jiran farashin damina shi ne laima ta fi yi wa illa, kuma illar ba ta tsaya a aljihunsa. Wata fumfuna da masana ke kira Aspergillus flavus tana tsirowa a hatsi mai damshi cikin zafi, ta bar guba mai suna afulatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon abincin da aka haɗa da ƙulin gyaɗa. A 2004 ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya, bayan sun ci masarar da aka adana da damshi. Dafuwa ba ta kashe ta, kuma cin ta kaɗan-kaɗan tsawon shekaru na cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B, wadda ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage ta, amma abin da ya faru a sito yana hannun mai sito.

Masara ba ta zama lafiya a ajiya sai damshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100, ɓararriyar gyaɗa kuwa wajen kashi 7 zuwa 8. Wanda ba shi da ma'auni yana da gwajin gishiri. A busar da gishiri sosai, a zuba cokali biyu ko uku a busasshiyar kwalba tare da ɗan hatsi, a rufe a girgiza, a bar shi ya ɗan jima a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai gama bushewa ba. Buhu ba ya zama a kan daɓe kai tsaye, sai a kan katako mai tazara, kuma ba ya jingina da bango. A bar hanya tsakanin layuka da tsakanin buhun sama da kwano. Kakanninmu da suka ɗora rumbu a kan duwatsu wannan suke gudu. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, yana hana ƙwari da laimar waje shiga, amma idan aka ɗaure hatsi da damshinsa to an kulle shi da maƙiyinsa. Hatsin da ya riga ya yi kore ko baƙi ba a cakuɗa shi da mai kyau don a rage asara, kuma ba a mayar da shi abincin kaji ko shanun tatsa, domin gubar tana bi ta cikin nono.

Ƙirji da fata

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan damshi da fumfuna a cikin gine-gine, inda ta tattara shaidar cewa mazauna irin waɗannan gidaje sun fi fama da tari, shaƙewar numfashi da tashin asma. Wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, masu zama a katifa da matashi, suna yaɗuwa idan laima ta yi yawa, su ma suna tayar da asma da atishawa. Idan yaro yana tari kowane dare a damina, ya samu sauƙi idan ya kwana a wani gida, bayan an kai shi asibiti a duba bayan gadonsa. Ƙurajen zafi, makero da ƙyasbi su ma kakarsu ke nan.

Duk abin da ruwa ya jiƙa a busar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kafin fumfuna ta kama. Wadda ta riga ta fito a bango ko tayil a wanke ta da ruwa da omo, ko da bilic kofi ɗaya cikin ruwa lita huɗu, tagogi a buɗe, hannu cikin safa, hanci a rufe. Kada a kankare ta a bushe, ƙurarta ce ke shiga huhu. Kada a haɗa bilic da ruwan wankin masai ko wani sinadari, haɗin na fitar da iska mai guba. Mai asma ba shi ne zai yi wannan aikin ba. Katifar soso ko silin kwali da fumfuna ta ratsa cikinsu ba sa wankuwa, sai dai a fitar.

Akwai kuma masu shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa don ya busar da shi. Garwashi na fitar da wata iska marar launi marar wari, irin wadda ke fita daga janareta, tana kashe mutum cikin barci. Ko ɗakin zai ruɓe, wannan ba hanya ba ce.

Gyaran gini na gaske ba a damina ake yin sa ba. Filasta ko fentin da aka shafa a jiƙaƙƙen bango ba ya daɗewa. Abin yi a Satumba shi ne a ɗauki fensir a zagaye iyakar kowane tabo, a rubuta kwanan wata a gefensa, a ɗauki hotonsa da waya, domin idan hunturu ya shigo bangon zai bushe tas har mutum ya manta inda ruwan ya tsaya. Daga Janairu zuwa Maris a ɓare filastar da ta rabu, a bar bango ya sha iska, a sa mazurari, a gyara gangaren tsakar gida, a hau rufi a canza ƙusoshin da suka saki. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokacin da ake sa ran saukar ruwa a kowane yanki, kuma daga wannan ranar ce mai gida zai ƙirga baya ya san makonni nawa suka rage wa maginsa.